Na kashe kuɗin cefanen sati a kan tsofaffin komik ɗin Raj a kasuwar Lahadi ta Delhi

Ni dai kafin in zo Indiya karatu gani nake na iya Indiyanci, saboda tun ina firamare nake kallon finafinansu kamar kowane yaron Kano, tun ba a fara fassara ba ma, mu zauna mu kalla har ƙarshe kuma mu fito muna ba wa juna labari kamar mun ji komai. To da na sauka a Delhi sai na gane ashe ji daban karatu daban. In mai keke napep ya yi min magana nakan tsinci rabi, amma allon shago ko rubutun jikin bas wallahi kamar an shanya kaya a igiya haka nake ganinsa, layi ɗaya a sama haruffa na reto a ƙasa. Abokin ɗakina ɗan jihar Bihar ne, shi ne ya gaji da tambayata wata rana yace kai bari in faɗa maka gaskiya, mu ba a aji muka iya karatun Hindi da sauri ba, a komik muka iya, littattafan nan na labari cikin zane, ka shirya ranar Lahadi in kai ka inda ake saida su. Abin da ya kai ni kenan, kuma abin da zan yi bayani a kai kenan, rumfar da na yi sayayya da kuma kayan da na sayo.

Kasuwar ita ce wadda ake kira kasuwar littattafai ta Daryaganj, ranar Lahadi kawai take ci. Da a bakin titi ake baza ta, shekara da shekaru, sai a 2019 kotu ta sa aka tashe su daga titin, aka mayar da su wani fili da ake ce wa Mahila Haat, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Delhi Gate, in ka fito daga tashar tafiyar ƙafa ce kaɗan. Littafi ne a ƙasa kamar tumatir a 'Yankaba, wasu ma a kilo suke sayarwa, a ɗora maka a sikeli. Mafi yawa littattafan jarrabawa ne da na likitanci da tsofaffin nobel na Turanci, sai ka kutsa can ciki kafin ka ga masu komik, kuma ba su da yawa. Wanda muka tsaya wajensa wani dattijo ne mai tabarau, ya shimfiɗa leda shuɗiya ya jera su a tsaye cikin kwalaye kamar yadda masu kaset suke yi a da. Ba zan faɗi sunansa ba don akwai inda zan yi ƙorafi a kansa.

Abu na farko da ya burge ni da shi, mutumin ya san kayansa. Da ya ga baƙin mutum ya durƙusa yana jujjuya komik ɗin Hindi sai ya yi dariya ya tambayi abokina wai na iya karantawa ne ko hoto nake kallo, nace masa Uncle ji koyo nake, shikenan fa ya gyara zama. Ya ware min su gida gida. Wannan kwalin Diamond ne, wannan Manoj, wannan Tulsi, wannan 'yan ƙwaya biyar ɗin da ya ɓoye a jaka Indrajal ne kuma ba na yara ba ne kuɗinsu, sai manyan kwalaye biyu duk Raj Comics. Rabin tarihin da zan kawo nan a bakinsa na fara jin shi, daga baya na bi na tabbatar.

Indrajal su ne tsofaffi, kamfanin jaridar Times of India ne ya fara fitar da su a 1964 suka tsaya a 1990, kuma yawanci jaruman Turawa ne ake fassarawa, irin su Phantom da a Hindi suke kira Betal. Diamond Comics ta zo a 1978, ita ce gidan Chacha Chaudhary, wani ɗan tsoho mai jan rawani da sanda wanda wayo ne makaminsa, mai zanensa Pran ya fara fitar da shi tun 1971 a wata mujallar yara. Waɗannan na barkwanci ne, na ƙananan yara, shafi biyu uku labari ya ƙare. Raj ita ce ta zo daga baya a tsakiyar shekarun 1980 ta ce ita jarumai za ta yi irin masu tashi sama da dukan mugaye, amma 'yan gida, masu magana da Hindi, a garuruwan da suka yi kama da Indiya. Mai gidan sunansa Rajkumar Gupta, dama yana da kamfanin buga ƙananan littattafan aljihu, Raja Pocket Books, irin labaran 'yan sanda da ɓarayi da ake saidawa a tashar jirgi, sai 'ya'yansa uku Sanjay da Manoj da Manish suka ja shi zuwa harkar komik. Ofishinsu a Burari yake, arewacin Delhi. Wato sana'ar gida ce, uba da 'ya'ya, ku riƙe wannan don zai dawo a gaba.

Na ɗauki ashirin da biyu. Shida Nagraj, bakwai Dhruva, huɗu Doga, uku Bankelal, ɗaya Parmanu, ɗaya Bhokal. Ya fara da kuɗin da ya sa na miƙe tsaye, abokina yace zauna haka ake yi, aka yi ta ja har muka tsaya a wani abu da dai ya cinye min kuɗin cefanen sati guda, satin nan indomi da ƙwai na yi ta ci. Abin haushin kuma a jikin bangon wasu an rubuta rupi 8, manyan rupi 16, nace Uncle ji ga kuɗinsa nan a rubuce ai, yace to je ka 1995 ka sayo.

Nagraj na fara buɗewa don shi ne tambarin gidan, a 1986 ya fito kuma har yau in aka ce Raj shi ake fara tunawa. Mutum ne kore shar, jikinsa ɓawon maciji, gashinsa an naɗe shi kamar fasa kan kumurci, kuma a cikin jininsa akwai ƙananan macizai ba adadi da yake sako su ta wuyan hannu, su zama igiya ya yi lilo da su tsakanin benaye, su ɗaure mutum, su je leƙen asiri su dawo. Duk wanda ya san Spider-Man zai ce ai ba cinya ba ƙafar baya, kuma da gaskiyarsa, an ɗauko dabarar. Amma asalin labarin nasu ne. A fitowar farko ma mugu ne, wani masani Farfesa Nagmani ne ya sa masa wani abu a kai yana juya shi kamar rakumi da akala yana ba da hayarsa ga 'yan ta'adda, sai wani mai zaman daji Baba Gorakhnath ya kayar da shi ya cire abin, daga nan ya rantse zai yaƙi ta'addanci a duniya. Parshuram Sharma ne ya rubuta na farkon, Pratap Mullick ya zana. Biyu daga cikin nawa na wancan zamanin ne kuma zanen Mullick wani abu ne, jikin mutum yake zanawa kamar ya taɓa yin dambe, in aka kai naushi kana ganin nauyin ya tafi kan ƙafa ɗaya. Launin ne dai Allah ya sauwaƙe, kala huɗu a kan takarda irin ta jarida, wani wajen koren ya zame ya fita daga layi har fuskar wanda yake kusa da shi ta yi kore ita ma.

Amma ga mai koyon karatu Nagraj wahala ne, in faɗa muku gaskiya. Musamman na baya bayan, da aka ba shi tarihin sarauta da tsibirin macizai da gimbiya Visarpi da kawunsa Nagpasha mai neman gadon sarauta, Hindin ciki ya koma irin mai nauyin nan na littattafan addininsu, kalmomin Sanskrit, haruffa biyu uku a cure waje ɗaya. Mu kuma Hindin da kunnenmu ya saba da shi na fim ne, wanda yake cike da kalmomin da suka zo ta Larabci da Farisanci, duniya, kitab, kalam, sabun, hukum, adalat, waɗanda Bahaushe yana ji zai ce ai namu ne. A Nagraj sai in yi shafi guda ban haɗu da ɗan uwa ko ɗaya ba. Shafi 32 ya ɗauke ni kwana huɗu, da waya a hannu ina duba ƙamus.

Wanda ya biya ni kuɗina shi ne Super Commando Dhruva, kuma a kansa zan daɗe. A 1987 ya fito, Anupam Sinha ne ya ƙirƙire shi, shi ke rubutawa shi ke zanawa, kuma ana gane hakan don hoton da maganar ba sa faɗa da juna. Yaro ne da aka haifa a gidan wasan sarkus mai suna Jupiter, uwarsa da ubansa masu wasan lilo a sama ne, ya tashi cikin zakuna da giwaye da masu tuƙa babur a rijiya, kowa ya koya masa nasa. Sai masu wani sarkus ɗin kishiya suka sa wa nasu wuta kowa ya mutu, shi kaɗai ya rage, wani babban ɗan sanda Rajan Mehra ya ɗauke shi ya riƙe. To abin da ya bambanta shi, ba shi da wani ƙarfi na tsafi ko na aljanu, ba ya rufe fuska, kowa a garin Rajnagar ya san gidansu, abu ɗaya kawai yake da shi na daban, yana jin maganar dabbobi da tsuntsaye. Saura duk ƙwaƙwalwa ce. Kusan kowane labari haka yake tafiya, mugu ya zo da wani abu da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, a yi masa dukan kawo wuƙa, sai can wajen ƙarshe ya waiga ya ga wani abu a wajen, ruwa ko waya ko madubi ko maganaɗisu, ya tuna wata ƙa'idar kimiyya ta aji biyu na sakandare ya yi amfani da ita. Kuma ba a ɓoye maka, tun shafukan baya an nuna maka abin a gefen hoto, kai ne ba ka lura ba. Sau biyu ina komawa baya in duba ko da gaske an nuna, kuma an nuna ɗin.

Akwai wani shafi da na daɗe ina kallo, Dhruva a kan babur ɗinsa da kayansa ruwan ɗorawa da shuɗi, an raba shafin gida shida, na farko ƙafarsa a kan birki, na biyu idonsa, na uku abin da idon ya gani, haka har na shida da babur ɗin ya tashi, babu rubutu ko ɗaya sai ƙarar da aka zana da manyan haruffa. Wannan ƙarar ita ce kalmar Hindi ta farko da na karanta da kaina ba tare da na tambayi kowa ba, dhaɗam, na ji daɗi kamar na ci jarrabawa. Sannan akwai ƙanwarsa ta riƙo Shweta, wadda ita ce Chandika mai rufe fuska da take zuwa ta cece shi in ya shiga uku, mai karatu ya sani shi bai sani ba, a gida kuma suna ta tsokanar juna irin na wa da ƙanwa. Ga Natasha da yake so alhali ubanta Grand Master Robo shi ne babban ɗan ta'addan da yake nema. In kun ce wannan ai fim ɗin Indiya ne sak, eh haka ne, shi ya sa ma ya shige ni da wuri. Hindinsa kuma mai sauƙi ne, irin na hira, jimloli gajeru. Duk mai son ya fara, da shi zai fara.

Doga kuma wani kaya ne daban, ba zan ba wa yaro ɗan shekara goma shi ba. A farkon shekarun 1990 ya fito. Jariri ne da wani ɗan fashi Halkan Singh ya tsinta a juji ya raine shi kamar kare, ya girma ya gudu Mumbai, sunansa Suraj da rana, da dare ya sa fuskar kare ya ɗauki bindigogi ya bi ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari, karnukan titi su ne 'yan rahotonsa. Shi ba ya kai mutum kotu, a wajen yake gama shari'a. Jini ne ko'ina. Abin da ya ba ni dariya har abokina ya leƙo, sunayen iyayen gidansa huɗu da suka koya masa faɗa, Adrak da Haldi da Dhaniya da Kali Mirch, wato da Hausa kamar ka ce Kawu Citta da Kawu Gangamau da Kawu Masoro, dhaniya kuma wani ganye ne da suke barbaɗawa a kan kowane abinci. Mutum yana ta karya ƙasusuwa amma malamansa kayan yaji ne. Hindin Doga shi ya fi kusa da na fim, maganar 'yan tasha, don haka na fi saurin karanta shi duk da ba shi na fi so ba. An daɗe ana cewa za a yi fim ɗinsa, darakta Anurag Kashyap ya sha faɗar yana so, har yau dai shiru.

Bankelal na dariya ne, wani bafade mai ɗan gashin baki da haƙora biyu a waje wanda kullum shirinsa ya kashe sarki Vikram Singh ya hau kujera, amma akwai bakin da aka yi masa tun yana jariri cewa duk sharrin da ya ƙulla alheri zai zama. Ya haƙa rami sarki ya tsinci dukiya a ciki, a kira shi a yi masa kyauta yana kuka a zuci. Kamar Gizo ne da Allah ya haɗa shi da zakaran da aka nufa da cara. Uku na saya kuma ukun duk tafiyarsu ɗaya, in ka karanta ɗaya ka karanta saura, amma na yi dariya. Parmanu da Bhokal ba su kama ni ba, na farkon sufeton 'yan sandan Delhi ne da kawunsa masani ya ɗinka wa rigar ƙarfin nukiliya, na biyun mai takobi ne a zamanin da. Na ajiye su.

Akwai abin da ya kamata in faɗa don na san mutanenmu. Littattafan nan a cikin addinin Hindu suka tsiro, musamman Nagraj da Bhokal da Bankelal, za ka ga an zana allolinsu suna magana suna ba da ƙarfi suna tsinewa, har akwai wani dogon jerin da suka yi mai suna Nagayan wanda gaba ɗaya a kan labarin Ramayana aka gina shi. Sannan shigar da ake zana wa matan ciki, musamman na shekarun baya bayan nan, ba irin wadda za ka bari a falo ba ce. Ni babba ne na san me nake nema a ciki, amma wanda zai kai wa ƙannensa tsaraba ya buɗe ya duba tukuna. Dhruva na farko farko da Chacha Chaudhary su ne masu sauƙin wannan.

Abin da ban zata zai taɓa ni ba shi ne bangon baya. Kusan rabin waɗanda na sayo akwai hatimin shago a jiki, shuɗin tawada ya koɗe, wasu an ɗinke gefensu da zare an manna takardar ruwan ƙasa don kar su yage, ɗaya ma a cikin bangon an jera kwanan wata da biro layi layi sun kai talatin. Na tambayi dattijon yace ai na haya ne. Wai a shekarun 1990 yawancin yara ba saye suke ba, kowace unguwa akwai mai shago ko wani yaro mai wayo da ya tara komik yake ba da haya, rabin rupi ko rupi ɗaya a kwana, lokacin hutun zafi kuwa sai ka yi layi, ka karɓa ka karanta ka ba ƙaninka ya ba abokinsa kafin yamma a mayar. Ina jin haka sai na tuna yayata da littattafan soyayya da take aikena karɓowa haya a wajen wani mai shago a unguwarmu, a sa a cikin littafin makaranta ana karantawa kar Baba ya gani, abokina yace wallahi su ma haka suke yi, a tsakiyar littafin lissafi. To wannan ya sa na fahimci yadda aka gina su. Shafi 32, takarda mai araha, bango mai ihu, sitika kyauta a ciki, a ƙarshe kuma a yanke labarin daidai inda wuƙa ta kusa wuya a ce sai fitowa ta gaba. Ba don a adana aka yi su ba, don su zaga hannu hamsin aka yi su. Har shafin wasiƙu suke da shi, Green Page da Sanjay Gupta yake amsa wa yara, na Dhruva kuma Star Mail, yara daga ƙananan garuruwan Bihar da Uttar Pradesh suna rubutowa suna gyara wa marubuci kuskure. Wannan shafin na fi daɗewa a kai yanzu, don Hindin yara ne, daidai ni.

Abin da ya kashe kasuwar kuwa ba wani ɓoyayye ba ne. Tashoshin tauraron ɗan Adam sun shigo Indiya farkon shekarun 1990, Zee TV a 1992, Cartoon Network a 1995, sai wasan bidiyo, sai intanet da waya. Yaron da yake ba da rupi ɗaya ya samu abin kallo kyauta a gida. Shagunan haya suka rufe, kamfanonin Manoj da Tulsi suka daina bugawa, Raj ce ta yi ta jan ƙafa, ta koma takarda mai sheƙi da launin kwamfuta da dogayen labarai masu kashi kashi, kuɗin ya hau, masu saye suka koma waɗancan yaran na da da yanzu sun zama ma'aikata masu albashi. Mai gidan ya rasu a ƙarshen 2020, kuma wajen wannan lokacin 'ya'yan suka raba gari, yanzu in ka je saye za ka ga Raj Comics ta Sanjay Gupta, Raj Comics ta Manoj Gupta, Raj Comics ta Manish Gupta, suna ɗaya jarumai ɗaya shago uku. Duk wanda ya taɓa ganin an raba gadon shago a Kantin Kwari ba sai an yi masa bayani ba. Amfanin da mai saye ya samu dai shi ne an dawo da buga tsofaffin, ana haɗa labari biyar shida a littafi ɗaya mai bango mai tauri. Abokina yana da guda biyu na duba, takardar fes, rubutun ya fita sosai, ga mai koyon karatu sun fi sauƙin gani nesa ba kusa ba. Sai dai tsada, kuma ni a idona launin ya yi ƙyalli da yawa, zanen Mullick a kan farar takarda mai santsi kamar an sa wa tsoho kayan sallar yara.

Yanzu ƙorafina a kan mai rumfar. Guda takwas daga ciki a leda suke an manne da salatif, da na ce zan buɗe yace a'a iska na ɓata su, in yarda da shi. Na yarda. Da na dawo ɗaki, ɗaya daga cikin Dhruva ɗin shafuka huɗu na tsakiya babu, an cire su daga kan ƙusar, kuma daidai wajen da ake bayanin yadda mugun yake samun ƙarfinsa ne, don haka ƙarshen bai yi min ma'ana ba. Wani Nagraj ɗin kuma da ya rantse min bugun farko ne har ya ƙara min kuɗi a kansa, abokina yana shafa takardar yace wannan ai sabon bugu ne aka jiƙa shi ya tsufa ko kuma dai an daɗe da ajiye shi a rana, ga kuɗin jikin bangon ma ba na lokacin ba ne. Sannan Doga biyu duk kashi na ɗaya ne na labarai daban daban, bai faɗa min ba, na kai ƙarshe an ɗora wa mutum bindiga a ka aka ce in nemi na gaba. Araha ba ta ado, na sani, to amma ai ba arahar na saya ba.

Na koma Lahadin da ta biyo da guda huɗun a hannu. Ban yi zaton komai ba, amma ga mamakina mai shafukan da suka ɓata ya karɓa ba musu ya canza min da wani, ya ma ƙara min Chacha Chaudhary ɗaya a kai wai na haƙuri. Maganar bugun farko kuwa ya tsaya kai da fata shi a haka ya saya, ya ɗaga hannu sama yana rantsuwa, na bar shi. Kashi na biyun Doga yace babu amma zai nemo min wajen wani a Meerut.

Don haka in za ku je, ku je da safe kafin ƙarfe sha ɗaya don masu tarawa suna riga kowa kwashe masu kyau, ku je da wanda ya iya yaren, kar ku karɓi komai a leda sai an buɗe kun ƙirga shafi, ku duba shafin ƙarshe ku ga ko labarin ya ƙare ko an ce sai na gaba, kuma kuɗin farko da aka faɗa muku ku raba shi biyu ku fara daga nan. In karatu kawai kuke so ba tarawa ba, sabon bugun da aka haɗa ya fi muku kwanciyar hankali. In na ba rumfar maki, uku cikin biyar, ɗaya na cire don ledar nan, ɗaya don rantsuwar. Dhruva shi kaɗai biyar cif.

Jiya a bas na karanta allon wani shagon magani tun daga farko har ƙarshe kafin mu wuce shi, har na faɗa da ƙarfi ban sani ba wata tsohuwa ta juyo tana kallona. Doga kuwa Lahadi uku kenan ina zuwa, kullum Uncle ji sai yace mutumin Meerut bai zo ba tukuna, in dawo sati mai zuwa, kuma kullum sai na baro wajen da wasu guda biyu da ban yi niyyar saye ba.